Sakan Goma Sha Bakwai

Shekara talatin da wani abu Baba Agogo ya yi a shago ɗaya, wani ɗan lungu tsakanin mai sayar da takalma da mai gyaran waya. In ka shiga, sai ka karkata kafaɗa don kar ka ture agogon bango. Teburinsa cike yake da ƙananan kwalabe na kusoshin da ba su kai ƙwayar gero ba, ga hantsaki, ga ɗan madubin ido ɗaya da yake maƙalawa in zai leƙa cikin agogo. Mutum ne da bai yarda wani abu ya mutu ba sai shi ya ce ya mutu. Rediyonsa ya girmi 'ya'yansa, kekensa ya girmi rediyon. Wayarsa kuwa shekararta bakwai, ta sha faɗuwa har gefenta ya ci, amma ko kwana ɗaya ba ta taɓa ba shi kunya ba.

Aikinta babba guda ɗaya ne. Autarsa ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti mai nisa, tafiyar kwana ce a mota. Kowace Laraba da ƙarfe ɗaya da rabi take samun ɗan hutu, sai ta kira shi ta bidiyo. Ya jingina wayar da kwalbar mai, ya ci gaba da aiki yana sauraronta, tana ba shi labarin marasa lafiya masu taurin kai, yana ce mata ai gado ta tarar. Shi bai taɓa kiranta ba. A ganinsa ɗa ne ke neman uba, kuma a kan wannan babu mai ɗaga shi.

Kusan shekara guda wayar na fito masa da wani saƙo duk safiya, wai a sabunta manhajarta. Duk safiya shi kuma ya danna "sai an jima". Wata ranar Asabar ya manta ta a gida, matarsa ta ga saƙon, tausayi ya kama ta.

"Kullum abin nan yana sallama kana ce masa ya dawo gobe," ta ce da ya dawo cin abinci. "Ko baƙo ne ai ka ba shi wurin zama. Na ce masa bismillah."

"Kin ce wa wa bismillah?"

"Shi saƙon mana. Ya yi ta juyi, ya yi ta juyi, yanzu ga ta nan fes, har launinta ya canza."

Launi kam ya canza. Amma wayar da a da ko kallonta ka yi sai ta buɗe, yanzu sai ka danna ka jira, ka sake dannawa ka jira, kamar mai tashin yaro makaranta. Baba Agogo bai yi faɗa ba. Ya dai kalli matarsa ta saman tabarau, ita kuma ta shige kicin tana cewa ai alheri ta yi.

Ranar Laraba kira ya shigo daidai lokacinsa. Ya ja yatsa a allon, allon ya tsaya cak. Ya sake ja. Wayar na ta kuka a hannunsa, sunan Auta na kallonsa, amma ta ƙi ɗauka. Kafin wayar ta farga kiran ya yanke. Ya zauna yana jiran Auta ta sake kira, ba ta sake ba, don hutun nata ba shi da yawa kuma tana da abinci a gabanta. Laraba ta gaba ma haka aka yi.

Abin ya dame shi, amma mai sana'a ba ya fushi sai ya auna. Ya ciro agogon aljihunsa mai ƙirga sakan, ya sa mai takalma ya kira shi sau biyar. Sakan goma sha bakwai wayar ke ɗauka kafin ta amsa. Auta kuwa, ya lura, ba ta wuce sakan goma sha biyu take katsewa. Ya rubuta lambobin a bayan wani kwalin batir, ya ɗauka ya shiga maƙwabta.

Mai gyaran wayar magidanci ne mai tumbi da fara'a, kowa Injiniya yake ce masa ko da yake babu wanda ya taɓa ganin takardarsa. Shi da Baba Agogo ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

"A'a, yau tsoho ya kawo tsohuwa asibiti?"

"Bar wasa. Faɗa mini gaskiya, da gangan masu yin wayar nan suke kashe ta don in sayi sabuwa, ko ba haka ba?"

Injiniya ya karɓa yana jujjuya ta. "Baba, in na rantse maka ba sa so ka sayi sabuwa na yi ƙarya. Wane ɗan kasuwa ne ba ya so a dawo? Amma ba sai sun sa mata guba ba. Manhajar nan an yi ta ne don wayoyin bana masu ƙarfi. Kayan babbar mota ne aka ɗora wa kekenka. Ga batir ya gaji, ga ciki ya cika. Waɗannan hotunan mene ne har dubu huɗu?"

"Cikin agogo ne. Kafin in kwance nake ɗauka, don in san inda kowane ƙarfe yake."

"Wanda ka gyara shekara biyar da ta wuce ma?"

"In ya dawo fa?"

Injiniya ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce a mayar da tsohuwar manhaja ba zai yiwu ba, bakin alƙalami ya bushe. Amma ya sa sabon batir, ya kwashe hotunan ya zuba a wani ɗan kati ya miƙa masa, ya goge tarkacen da jikoki suka cusa. Baba Agogo na tsaye a kansa da agogon aljihu. Aka gwada, sakan goma sha huɗu.

"An samu uku," in ji Injiniya. "Sauran kuma sai dai sabuwa, Baba. Ko ka ce wa Auta ta riƙa daɗewa tana kira."

Ya ce zai duba. Amma ya faɗa wa 'yar cikinsa cewa wayarsa ta gaza, shi da yake gyara abin da kowa ya yar? Ai washegari za ta aiko da sabuwa a kwali, kuma ya san kansa, ba zai iya jefa wannan a aljihun tebur tana numfashi ba. Haka ya bar ta bai faɗa mata ba. Laraba ta uku ta zo, ya ja yatsa tun kukan farko, ya ƙirga a zuci, kiran ya yanke saura ƙiris.

Da yamma yana rufe shago saƙon murya ya shigo. Ya jira wayar ta gama nawarta, ya kara a kunne. Muryar Auta ce, ƙasa-ƙasa, irin wadda take yi tun tana ƙarama in ta fasa wani abu.

"Baba, sati uku ina kira ba ka ɗauka. Mama ta ce wai waya ce, amma na san Mama da rufa asiri. In wani laifi na yi maka, don Allah ka yafe mini. Ba zan ƙara damunka a wurin aiki ba sai ka neme ni."

Ya saurara sau biyu. Ya san yarinyar, halinsa ta ɗauko kaf. In ta ce ba za ta kira ba, to ba za ta kira ba, sai su shekara kowa na jiran kowa. Da ya isa gida matarsa ta dube shi ta ce, "To, mai lissafi, sai ka lissafa wannan." Abincin ma kaɗan ya taɓa.

Laraba ta huɗu tun ƙarfe ɗaya ya share teburin. Ya sallami wani mai agogon hannu ya ce ya dawo da la'asar. Lissafin bai da wuya: buɗe waya sakan tara, nemo sunanta sakan shida, shigar kira wasu takwas. Da ɗaya da minti ashirin da tara ta yi ya fara. Ya nemo sunanta, ya danna kira. Ya jingina ta da kwalbar mai, ya gyara hula.

Kuka ɗaya ta ɗauka. Fuskarta ta cika allon, cokali a hannu, ido a waje.

"Baba! Lafiya? Mama ce? Wani abu ya faru?"

"Babu abin da ya faru."

"Don Allah ka faɗa mini, wa ya rasu?"

Sai a lokacin ya gane abin da ya yi shekara shida tun da ta tafi aiki. Ya mai da kiransa abin da 'yarsa ba ta tsammani sai da labarin mutuwa. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji a gaban ɗa ba.

"Kowa lafiya lau, Auta. Ba ki yi mini laifin komai ba. Wayar ce ta tsufa, ba ta iya ɗauka da wuri. Na ce bari ni in kira ki, in ji muryarki."

Hoton ya tsaya. Ba motsi, ba magana. Ya ja tsaki, ya ɗauki wayar ya ɗan bubbuga gefenta da yatsa, ya ɗaga murya ta cikin bango. "Injiniya! Zo ka gani, ta sake sandarewa!"

"Ba wayar ba ce, Baba," in ji Auta, tana share ido da bayan hannu tana dariya. "Ni ce. Ajiye ta, ina jin ka."