Koriyar Tuta

A 1977 aka gayyaci ƙungiyar rawarmu zuwa babban bikin al'adu a Legas, wata guda cur. Ni ne mai babbar ganga, ni ne kuma mai ɗaga wa jirgin ƙasa tuta a tashar Kafanchan.

Matata Mildred ta ce, "Baban Gilbert, ka tafi mana!"

Na ce ba a wasa da aikin gwamnati, wani zai gaje kujerata. Wace kujera? A tsaye nake aikin.

Na ara wa maƙwabcina Andrawus gangar, mutumin da ko tafi bai iya ba. Ranar tafiya ya leƙo ta tagar jirgi yana dukanta a karkace. Ni kuwa, sarkin hankali, na gyara hula na ɗaga musu koriyar tuta.