Ta Ƙarshe Da Gaske

"Ki jera waƙoƙin bisa kwanan wata mana, Inna Mawusi!" in ji Edem, yana tsaye a kanta.

"Na jera. Duba da idonka."

Ya duba. Kowace waƙa ranar Talata ta nuna, wato ranar da mahaifinsa Fo Senyo, shugaban mawaƙan cocinsu a Lome, ya cika.

Tsohon nan rigimamme ne, Allah ya jiƙansa. Da kansa ya tsara waƙar jana'izarsa, ya yi ta ɗaukar muryarsa a waya yana sauya ta. Wasiyyar da ya bar wa maƙwabciyarsa Mawusi ɗaya ce: "A rera ta ƙarshe, sauran shirme ne." Ran da ya rasu ta tura su duka cikin wayarta, Edem ya goge ta uban ya sa layinsa. Ashe waya ba ruwanta da ranar da mutum ya buɗe baki, ranar da abu ya sauka cikinta kawai ta sani.

Sunayen ma ba su taimaka ba. Ga "Ta ƙarshe", ga "Ta ƙarshe sosai", ga "Ta ƙarshe da gaske" har guda biyu.

"A ɗauki kowacce, wa zai sani?" in ji Edem.

"Ubanka! Ka manta halinsa?"

Gobe jana'iza, mawaƙa na jira. Ta zauna gindin mangwaro tana saurare ɗaya bayan ɗaya, tana kasa kunne ga abin da ke bayan muryar. A wata ruwan sama na dukan kwano. A wata mai koko na talla. Can sai ta kai kan wadda ko suna bai sa mata ba. Muryar ta siririce, yana ja da ƙyar. Ya kai tsakiyar baiti, kukan jinjiri ya tsallako katanga.

Jikanta ne. Satin da ya wuce aka haife shi.

Fo Senyo ya yi 'yar dariya, ya ce, "To, ga sabon mawaƙi ya karɓa." Ɗaukar ta yanke. Mawusi ta kife wayar a cinya, kewarsa ta kama ta, ta yi kukanta.

"Amma ai ba ta da ƙarshe," in ji Edem.

"Ita ya ce."

A bakin kabari mawaƙan suka rera har inda ya tsaya, suka tsaya. Kowa ya yi tsit. Mawusi ta waiga: jinjirin na bayan uwarsa, yana ta barcinsa, baki buɗe.