Wayar da Ta Ƙetara Titi

Har ta ɗora biro a gurbi na huɗu, sai idonta ya faɗa kan wani jan layi a jikin taswirar.

Aikinta ke nan a ofishin lasisi: ta duba takardun masu samar da intanet, ta sa kowa a ajinsa. Akwai masu shimfiɗa manyan wayoyi tsakanin garuruwa, da kamfanonin salula, da masu raba wa jama'a. Aji na huɗu na masu haɗa gine-ginen da ke haraba ɗaya ne, shi ya fi sauƙin sharuɗɗa.

Dattijon da ke gabanta, wanda ake kira Mai Eriya, tsohon mai gyaran rediyo ne. Ya kafa dogon ƙarfe a rufin gidansa, daga nan yake ba ƙaramin asibiti da makarantar da suke katanga ɗaya da shi intanet. Da hannunsa ya zana taswirar, bai bar ko ƙusa ba.

Ba ta iya kallon idon manya, don haka taswirar ta kalla, ta tambaye shi ina wannan layin ya nufa. Ya ce gidan yayarsa ne, a tsallaken titi. Da wayar take ganin fuskar ɗanta da ke aiki a wata ƙasa.

Ta yi masa bayani a hankali, kamar mai ba da haƙuri. A ƙa'ida, duk wanda wayarsa ta ƙetara titin hukuma ya zama mai raba wa jama'a, sai ya kawo injiniyoyi biyu da ofis. In ba su, cikin mako biyu za a sauke ƙarfen, asibitin ma ya rasa.

"Injiniyoyi biyu? 'Yar nan, ni da tsanina ne kaɗai, shi ma ƙafarsa ɗaya a ɗaure take."

Ta yi murmushi, amma zuciyarta ba daɗi. Ta san da yawa da suka zo nan ba su zana irin wannan layin ba, suka wuce lafiya. Ga farin ruwan goge rubutu kusa da hannunta. Ta dubi ruwan, ta ture shi bayan tarin fayil.

"Baba, in an cire wannan wayar, sauran duk sun shiga aji na huɗu."

Ya murza hularsa a gwiwa. Ya ce yayar tasa gwiwoyinta sun ƙi, ko bakin ƙofa da ƙyar take kaiwa, ita kaɗai a gidan tun rasuwar mijinta. Can sai ya miƙo hannu ya karɓi biron, ya soke jan layin da kansa.

"Shekara takwas ina roƙonta ta dawo gidana, tana cewa ba za ta zauna ƙarƙashin ƙaninta ba," in ji shi. "Ki buga mini hatimin da kyau, ya fito sosai. Zan ce mata hukuma ce ta ce a cire wayar."