Idon Hagu na Goggo Juwairiyya

"Kalle ni nan," in ji Malam Tajuddeen, yana ƙwanƙwasa tebur da gindin biro. "Baiwar Allah, a nan nake, ba a jikin bango ba."

Tsohuwar ba ta juyo ba. Tana zaune a kan benci, fuskarta a karkace wajen hagu, sai dai ta dube shi ta wutsiyar ido. A damanta mijin 'yarta, Ishiyaku, yana tsaye riƙe da sandar kiwo, shi ma idonsa a ƙasa.

Saude tana bakin ƙofa rungume da katunan marasa lafiya. Mako na uku ke nan da makarantar koyon aikin lafiya ta turo ta wannan ƙaramin asibiti na wajen Kibiya, kuma abin da ta koya bai wuce shara da naɗe auduga da sayo wa Malam Tajuddeen ƙosai ba. Shi ba likita ba ne, amma bai taɓa gyara wa wanda ya kira shi haka ba. Abin sauraron ƙirjin da yake rataye a wuyansa tun zuwanta ba ta ga ya sa shi a kunne ba.

"Ciwon kai ne, Likita," in ji Ishiyaku. "Yau kwana goma sha biyu. Da safe kuma sai amai. Daga rugarmu ta bayan Durba na ɗauko ta a babur."

"Saude, zo ki ga cutar da babu a littafinku. Kunyar Fulani. Mace ta haifa, ta aurar, ta yi jikoki, amma don suruki yana tsaye ta murɗe wuya kamar kazar da za a yanka." Ya ja takarda ya fara rubutu. "Zazzaɓin cizon sauro ne. A sha wannan kwana uku. A kira na gaba."

Ishiyaku ya yi murmushi, har da ɗan alfahari. "Haka take, Likita. Kwanakin nan ko a tsakar gida ita kaɗai haka take tafiya. Matan ruga sai yaba ta suke, wai irin na da sun ƙare."

Maganar ta tsaya wa Saude a rai. Ita kaɗai a tsakar gida, kunyar wa za ta ji? Ta tuna wani shafi da ta karanta har gefensa ya yi baƙi: jijiyoyi goma sha biyu da suke fitowa daga ƙwaƙwalwa ta kowane gefe, uku a cikinsu suke juya ido. Ta san in takardar nan ta fita daga ɗakin, tsohuwar za ta koma ruga, kuma babu mai sake ɗauko ta sai abu ya ɓaci.

"Yallaɓai," in ji Saude. "Da za a bari... shi Malam Ishiyaku ya ɗan fita."

Malam Tajuddeen ya ajiye biro a hankali. "Iye! Farfesa ta yi magana. Kai, fita, fita. Yau za mu sha karatu."

Ishiyaku ya fita, ya ja labule. Tsohuwar ta sauke ajiyar zuciya, ta gyara zama, ta saki mayafinta. Fuskar tana nan a karkace.

"To ai ni ma namiji ne," in ji Malam Tajuddeen. "Ko ni ma in fita in bar miki ofishin?"

Saude ta ajiye katunan. Ta durƙusa gaban benci.

"Goggo, me sunanki?"

"Juwairiyya."

"Goggo Juwairiyya, zan riƙe haɓarki. Kada ki motsa kai, ki bi yatsana da ido kawai."

Ta miƙar da fuskar, ta ɗaga yatsa ɗaya. Ta kai shi wajen daman tsohuwar, idanun biyu suka bi tare. Ta dawo da shi a hankali wajen hagu. Idon dama ya biyo har ya kusa karan hanci. Na hagu ya zo tsakiya ya tsaya cak.

Saude ta sake gwadawa don ta tabbatar. Idon ya sake tsayawa a wurin.

"Yatsu nawa kike gani?"

"Biyu."

Ta rufe mata ido ɗaya da tafin hannu. "Yanzu fa?"

"Ɗaya."

"Tun yaushe, Goggo?"

"Tun da kan ya fara. In na juya haka ne kaɗai duniya take zama guda."

"Me ya hana ki faɗa?"

"In faɗa wa wa? 'Yata tana da tsohon ciki, ba zan tayar mata da hankali ba. Shi kuwa mutumin nan," ta nuna labule da baki, "ɗaya ma ban iya ɗaga ido na kalle shi ba, 'yar nan, balle da ya zama biyu."

Saude ta miƙe. Maganar ta zubo mata da sauri, kamar mai ba da hadda. "Yallaɓai, jijiya ta shida ce. Ita ke jan ido waje, wajen kunne. Hanyarta doguwa ce a ƙasan ƙwaƙwalwa, in wani abu ya cika kai ya matsa, takan riga sauran gazawa. Ga ciwon kai, ga aman safe. Sai an kai ta Rano yau, su tura ta Kano a yi hoton kai."

"Harara-garke ce," in ji shi. "Da ita aka haife ta. Rabin mutanen dajin nan haka suke."

Goggo Juwairiyya ta karkata kai ta same shi da wutsiyar ido, ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Yaro," ta ce, "shekara arba'in ina kai nono kasuwar Rano. Tambayi uwarka ko ta taɓa ganin Juwairiyya da harara-garke."

Malam Tajuddeen ya taso, ya ɗaga nasa yatsan, ya kai dama, ya kai hagu. Idon ya tsaya masa a inda ya tsaya wa Saude. Ya koma kujera, ya dunƙule takardar maganin ya jefa ƙarƙashin tebur, ya buɗe aljihun tebur ya lalubo takardar tura majinyaci.

"Kai, mai sanda! Shigo!"

Ishiyaku ya shigo da sauri.

"Ku dai ba ku san komai ba sai wutsiyar saniya. Mace tana ganin abu biyu kwana goma sha biyu, kuna tafa mata wai kunya. Da ban tsaya na duba da kyau ba fa? Yanzu ka nemi mota, kada ka sake ɗora ta a babur. Rano za ku, kuma ban ce gobe ba."

"Allah ya saka da alheri, Likita. Allah ya ƙara basira."

Malam Tajuddeen ya amsa da kai. Ya rubuta suna, ya rubuta shekaru, ya rubuta ciwon kai da amai. Sai biron ya tsaya. Ya daɗe yana kallon layin da ya rage. Bai ɗago ba, ya yi ƙasa da murya yadda Ishiyaku ba zai ji ba.

"Ta nawa kika ce?"

"Ta shida, Yallaɓai."

Ya rubuta, ya ja layi biyu a ƙarƙashi, ya sa hannu.