Sandar Rumfar Gadonmu

Kafintan nan na bakin titi shi ya karya wa maigidana ƙugu. Bai taɓa shi da hannu ba, amma shi ne.

Gadonmu mai rumfa ne, na katakon ceri, ja mai nauyi, tare muka tsufa da shi. Tun da ɓarin jikin maigidan ya shanye na ɗaura zane a sandar rumfar ta tsakiya. Da shi yake jan jikinsa ya tashi zaune ba sai ya kira kowa ba.

'Yarmu ce ta ce gadon ya dushe. Ta kwance zanen, ta sa aka kai wa kafinta gadon ya goge. Ya dawo yana ƙyalli, na mayar da zanen wurinsa. Washegari ina wanke-wanke na ji ƙas, sannan ƙarar faɗuwa. Na tarar da tsohon a ƙasa, sandar ta rabu biyu, cikinta fari fat kamar alli. Ban yi makaranta ba, amma na san ceri ja ne har ciki.

Daga asibiti na wuce shagon kafintan da guntun sandar a hannu. Na same shi yana shafa wa wani ɗan tebur mai. Kallo ɗaya na yi wa ƙafafun teburin na gane katakona.

Da farko ya ce ai kowane katako yana karyewa, har da dariya, wai ko saniya muka rataya. Na ajiye masa guntun a kan benci. Dariyar ta tsaya. Can ya ce ceri ne ya yanke masa, babu a kasuwa, mai teburin kuma ya matsa, shi ne ya cire na rumfarmu ya yi ƙafafun da shi, ya sa wani katako a rumfar ya bi shi da fenti.

"Mama, wallahi na ɗauka gidan sauro kawai take riƙewa. Ba wanda ya ce min mutum ke kamawa."

Ya ce zai yi mana sabuwa kyauta. Na ce ya riƙe kyautarsa. Maigidana yana can kwance ya juya fuska bango, ya rufe baki ya ƙi abinci. Gani yake shi ne ya yi nauyi, ya zama kayan da ko ceri ba ya iya ɗauka. Na rantse masa sandar ba ceri ba ce, fenti ne, ya ce lallashinsa nake.

Na hau teburin na zauna, man bai ko bushe ba. Kafintan ya dafe kai, ya ce da yamma mai shi zai zo ɗauka.

"To ya zo ya same ni a kai," na ce. "Ba zan sauka ba sai ka rufe shagon nan ka bi ni asibiti. Ka tsaya a gaban tsohon nan, ka dube shi, ka gaya masa da bakinka abin da ka sa masa a rumfa."