Kati Na Huɗu

Malam Jan Biro yana cikin goge tabarau da gefen rigarsa sai Darakta ya leƙo ofishin ƙamus. Ya ce an fara gasar kurket, masu sauraro sun dami gidan rediyo da tambayar inda kalmar Turancin nan cricket ta samo asali, ana son wanda zai je shirin la'asar ya yi bayani.

Malam ya mayar da tabarau, ya gyara wuyan riga. Shekara ashirin da biyu yana wannan ofis, yana rubuta kalmomi a katuna, yana jera su cikin kwalayen takalma. Harafin C nasa ne kaf, babu katin da jan bironsa bai bi ta kai ba.

"Dakta za ta je," in ji Darakta. "Muryarta ta fi daɗi a rediyo. Sai dai ki shirya, Dakta, da tsohon farfesan nan za a haɗa ki. Kin san shi, ko waƙafi aka ajiye ba daidai ba sai ya yi wa mutum tsirara."

Dakta ɗalibar Malam ce. Shi ya koya mata yadda ake buɗe ƙamus ba tare da an karya masa baya ba. Ta tafi ƙasar waje shekara huɗu, ta dawo da digiri na uku, aka ba ta tebur na bakin taga da kwamfuta. Malam yana nan ƙarƙashin fankar da ta mutu tun zamanin tsohon Darakta.

"Baba Malam, a taimaka wa 'ya da katuna mana."

"'Ya ta girma, ai ita ke taimakon uba yanzu," ya ce, yana murmushin da bai wuce haƙora ba.

Ya zaro kati uku, don kalmar ma'ana uku gare ta a Turanci. Na farko gyare ne, ƙwaron da ke hana mutane barci, kuma Turawan Ingila daga tsohon Faransanci suka aro sunan, wanda kwaikwayon kukan ƙwaron ne kawai. Na biyu wasan ne, mai yiwuwa daga wata tsohuwar kalma mai nufin sanda, amma ba a tabbatar ba. Na uku wata 'yar gajeriyar kujerar katako ce da yanzu ba mai kiranta haka.

"Gyaren da wasan ba dangin juna ba ne ke nan?" in ji Dakta.

"Ko maƙwabtaka ba su yi ba."

"Kai, masu rediyo ba sa son 'ba a tabbatar ba'. Sun fi son labari."

Ta fita cin abincin rana, ta bar katunan a teburinta. Malam ya daɗe yana kallon tagar. Shi ya nemo waɗannan asali tun ana buga wasiƙa da tafireta, wata shida yana jiran amsa daga wani ɗakin karatu. Yau za a ji su a kowane shagon aski cikin muryar da ta fi daɗi.

Ya ɗauko sabon kati. Ya rubuta cewa makiyayan Ingila ne suka fara wasan a ciyawa, ba sa tashi sai gyare ya fara kuka, shi ya sa suka sa wa wasan sunan ƙwaron. Ya ƙara shekara, don ƙarya ba ta tsayuwa sai da lamba. Ya ɗiga wa katin shayi, ya goga shi a gefen tebur har ya tsufa, ya sa shi a ƙarƙashin ukun. Ya ji sanyi a ransa irin wanda bai ji ba tun mutuwar fankar.

Da la'asar yana gida, rediyo a cinya. Matarsa tana tsintar shinkafa a faranti.

"Yau kuma rediyo? Ba kai ka ce surutun marasa aikin yi ba ne?"

"Aiki nake saurare."

"Aikinka ko na yarinyar?"

Ya juya ga rediyon. Dakta ta fara, kuma abin haushi, muryar da gaske tana da daɗi. Ta yi gyare, ta yi sanda, ta yi kujera, har farfesa yana cewa haka ne, haka ne.

"Kin ji ko? Kalma bayan kalma, duk nawa ne! Ko sunana ba ta ambata ba."

"To ci kanka. Da ka yi digirin nan lokacin da na ce ka yi."

Mai gabatarwa ya tambaya ko akwai ƙari. Aka ji motsin takarda. Malam ya matso da kunne, yatsun ƙafarsa suna rawa cikin silifa.

"Akwai," in ji Dakta. "Waɗancan ukun suna cikin manyan littattafai, kowa zai iya dubawa. Wannan kuwa na bincika har na gaji, ban gan shi ko'ina ba. Binciken malamina ne shi kaɗai, mutumin da ya ba wannan aiki rayuwarsa ba a taɓa gode masa ba. Zalunci ne in faɗe shi kamar nawa."

Ta faɗi cikakken sunansa, da na mahaifinsa, da hawan benen da ofishinsa yake. Sannan ta karanta katin tsaf, har da shekarar.

Matar ta ajiye faranti. "Allah Sarki, 'yar albarka! Kai kuwa kana nan kana zaginta a ciki." Ta ɗaga murya ta kan katanga. "Maƙwabciya! Kunna rediyo, maigidana ake faɗa!"

A rediyon, Farfesa ya yi gyaran murya, a hankali, irin na mai wanke hannu kafin cin abinci.

"'Yata, sake faɗa min sunan malamin nan. Ina so in rubuta shi daidai."

Malam ya kai hannu zai kashe. Matar ta riga shi, ta ɗauke rediyon daga cinyarsa, ta ɗora a kan taga, ta ƙure ƙarar.