Gugguru a Injin Laftanar Pruitt

A tsibirinmu na tekun Pasifik, a 1944, ni ke kula da jirgin yaƙin Laftanar Pruitt. Iska ke sanyaya injin, amma kullum ya sauka sai ya bar 'yan ƙofofin fitar da zafi a rufe, injin ya yi ta dahuwa. In na yi magana ya ce, "Haba Saje, ni za ka koya wa aiki?"

Rannan na ɗaure gwangwanin busasshiyar masara a bayan injin. Da ya dawo daga tashi, ya sauko ya kashe injin, ƙofofi a rufe. Can sai tas-tas-tas! Gogan ya faɗa rami yana ihun an kawo hari.

Na miƙa masa gugguru har cikin ramin. "Yallaɓai, ga girkinka. Gishiri ne kawai babu."